Ranar da Rijiyar Almu Ta Yi Numfashi

Idan ka shiga 'yar tungar da ke yamma da Turba ka tambayi Almu, za a ce maka wane Almu, don su uku ne. Amma ka ce Almu mai gina, ko akuya ta san ƙofar gidan. Shekara arba'in da 'yan kai yana gina rijiya, daga Turba zuwa Gatawa har gefen kufan Alkalawa, kuma duk wanda ya taɓa ba shi aiki zai gaya maka abu guda: mutumin nan bai san a ce masa ya isa ba.

Gajere ne mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa ya yi kanta har ƙaya ba ta shigarsa. Ba shi da yawan magana, 'yar wadda yake yi ma rabinta da ƙasa yake yi. Sai ya ɗebi ƙasa ya murza, ya sansana, wani lokaci har ya ɗanɗana, sannan ya ce ruwa yana zurfin gaba goma sha biyu, ko ya ce a matsa gabas. Ba a cika kama shi da kuskure ba. Taurin kai ne laifinsa. An yi wata rijiya a Gatawa da ya ci karo da marmara, mai gonar da bakinsa ya ce a bari, ya haƙura. Almu ya yi kamar ba da shi ake ba. Kwana ashirin da uku yana saran dutse, ranar da ruwa ya tsattsafo ya fito, ya wanke daginsa, ya kama hanyar gida.

A ɗakinsa akwai wata tsohuwar adaka cike da abubuwan da ya ciro a ƙasa. Akwai guntun itace da ya zama dutse, da ɓawonsa da komai, wanda ya samo gaba tara a ƙasa. Akwai tsakuwa mai santsi irin ta bakin gulbi, daga inda ba a taɓa jin labarin gulbi ba. Matarsa Azumi takan ce mazan wasu tumaki suke tarawa, nata duwatsu. Shi kuwa bai taɓa tambayar yadda aka yi suka shiga can ba, don abin da mahaifinsa ya koya masa tun yana riƙe igiya ya ishe shi: ƙasa kurma ce, ba ta ji, ba ta faɗa, kuma ba ta motsi sai in kai ka motsa ta.

Mutane suna ɗauka taurin kan nan halitta ce. Ba halitta ba ce. Yana da rana, yana da suna, sunansa Jibrilla.

Jibrilla ƙanensa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shekara uku tsakaninsu. Duk abin da Almu bai faɗa ba Jibrilla ya faɗa, har da ƙari. Yana cikin rijiya yana waƙa, yana tsokanar matan da suka zo kallo, yana ba na sama labarin da bai taɓa faruwa ba. Kuma bahago ne. Masu gina suna sarar 'yan ramuka a bangon rijiya don sa ƙafa, su ake kira matakai. Na kowa dama suke karkata, na Jibrilla hagu. Ko ido rufe Almu ya sa ƙafa ya san wanda ya sare su.

Shekara talatin da biyu ke nan, cikin bazara, suna gina wa tungar rijiya a gindin wani gawo. Sun kai gaba goma sha ɗaya. Ranar Jibrilla ne a ciki, Almu da abokinsa Usaini suna sama suna jan ƙasa. Ba a ji wata ƙara ba. Wani huci kawai rijiyar ta yi, igiya ta saki a hannunsu, waƙar ta yanke. Da suka leƙa, ramin da yake gaba goma sha ɗaya ya koma gaba biyar.

Almu ya faɗa ciki ya kama tono. Ya yini, ya kwana, ya sake yini. Bangon bai daina zuba ba, ka kwashe kwando biyu ya mayar maka da ɗaya. Wani ɓangare ya zabtaro ya danne Usaini har ƙugu, da ƙyar aka zare shi. Da la'asar ta kwana na biyu Almu ya kai gaba takwas. Ya ɗauki dogon daginsa na ƙarfe, wanda wani maƙeri ya yi masa da ƙarfen babbar mota, ya kafa shi, ya yi ta dannawa yana neman inda ƙasa ta yi taushi, har sai da ya nutse saura kamu ɗaya. Ya dafa shi don ya huta.

Sai ya ji bugu a tafin hannunsa. Uku, shiru. Uku, shiru.

Ya yi ihu har muryarsa ta dushe. Aka jawo shi sama da ƙarfi, don a daidai lokacin bangon gabas ya fara tsagewa. Tsohon liman na wancan zamani ya saurare shi har ya gama, sannan ya kama hannunsa ya ɗora masa a ƙirji.

“Ka ji?” in ji liman. “Bugun zuciyakka na, Almu. Kwana biyu ba ka ci ba, ba ka runtsa ba. Wane rai za shi kai yanzu ƙarƙashin gaba ukku na ƙasa?”

Mahaifinsa ya ce ƙasa ba ta ɗaukar bugu ta kai ma kowa. Mahaifiyarsa kuwa ta zube ta riƙe ƙafarsa da hannu biyu. Ta rasa ɗaya, ba ta son ta rasa biyu, kuma wa zai ga laifinta?

Almu ya yarda. Wannan ita ce maganar, kuma bai kamata a yi mata kwaskwarima ba. Ba ɗaure shi aka yi ba, yarda ya yi. Aka cike ramin da dagin a ciki, aka yi sahu a bakinsa aka yi salla, rijiya ta zama kabari, kamar yadda ake yi idan ƙasa ta ƙi ba da gawa. Aka jera duwatsu a kewaye. Daga ranar Almu bai sake barin rami ba sai ya ga ƙarshensa, kuma daga ranar yake ɗauke da tambaya guda wadda bai taɓa yi wa kowa ba: bugun nan, nasa ne ko na Jibrilla?

Bayan shekara ya gina wa tungar wata rijiyar, taku arba'in daga gawon. Wannan karon ya jera mata kwalbatoci na siminti tun daga sama. Ya huda wani yumɓu mai tauri ya faɗa farin yashi a gaba goma sha huɗu, ruwa ya taso da kansa kamar ana turo shi. Ba ta taɓa ƙafewa ba. Da zamani ya lalace, zuwa fadama ɗebo ruwa ya zama sai da addu'a saboda mutanen daji, rijiyar nan ce ta riƙe tungar.

A haka ya tsufa. Ya aurar da 'ya'ya, gemu ya yi fari, gwiwa ta fara ƙara. Tambayar ma ta tsufa, ta yi shiru, har yakan yi wata guda bai tuna ta ba.

Sai wata Litinin a farkon watan Fabrairu na 2023. Guga biyu sun tsinke a rijiyar, ga laka ta taru, Almu ya ce zai shiga ya yashe ta. Mata suka yi ta ja tun safe har ruwan ya yi ƙasa. Da hantsi ya ɗaga ya ɗaura igiya ya sauka, Usaini na sama, shi ma ya tsufa, yana riƙe da igiya yana tauna goro da 'yan haƙoran da suka rage.

Ruwan ya kai masa cibiya. Ya ciro guga ɗaya ya ɗaura, aka ja. Ya tsaya yana jiran igiya ta dawo. A ƙasan rijiya babu iska, babu tsuntsu, sama ba ta wuce faifai ba. Ya tsaya cik, hannayensa a kan kwalbati.

Ruwan ya hau cikinsa.

Ba da yawa ba, kamar yatsa huɗu. Ya hau a hankali, sanyinsa na bin fata, ya tsaya, sannan ya sauka har ƙasa da inda yake a da. Almu ya dubi hannayensa, ba su motsa ba. Ya dubi bango, ko ƙwayar yashi ba ta faɗo ba. Ruwan ya sake hawa. A ƙarƙashin ƙafarsa ya ji yashin yana matse masa yatsu, sannan ya sake su.

Bakinsa ya kama istigfari da kansa, kuma da yake shi mutum ne mai auna komai, sai ya tsinci kansa yana ƙirgawa. Ƙirga bakwai ruwan na hawa, ƙirga bakwai yana sauka. Bai ƙara ba, bai rage ba. Ya taɓa ganin ruwa yana rawa don dutse ya faɗa, ya taɓa ganin ido ya ɓalle ruwa ya yi ta hawa bai dawo ba. Bai taɓa ganin ruwa ya hau ya sauka a kan ƙa'ida ba. Abu ɗaya ya sani mai yin haka, ƙirjin mai barci.

“Almu!” Muryar Usaini ta gangaro. “Mi kaka yi ma ruwa? Ina ganin haske shina tahiya shina dawowa.”

“Ba ni na ba.”

“To wa na?”

Usaini ya zaro waya zai kira mutane, babu sabis, abin da ya gani kawai lokaci ne, sha biyu saura kwata. Abin ya ɗauki kamar tsawon salla mai raka'a huɗu ta liman mara gaggawa. Hawan ya riƙa raguwa, yatsa uku, biyu, ɗaya, har ruwan ya kwanta kamar bai taɓa yin komai ba. Almu ya ciro guga na biyu, don bai iya barin aiki ba, sannan ya ce a ja shi.

Kafin azahar labari ya game tunga. Wasu suka ce mutanen ɓoye ne, wasu suka ce tsufa ne ya fara taɓa mutanen biyu. Mata suka ƙaurace wa rijiyar yini ɗaya cur. Washegari randuna suka bushe, sai ga su da guga suna bisimilla da ƙarfi, aka ci gaba da ɗiba.

Almu ne bai dawo daidai ba. Shi ba ya tsoron iskoki, ya shiga ramuka fiye da ɗari da addu'arsa, ba abin da ya taɓa ce masa kanzil. Abin da ya hana shi cin tuwo lissafi ne na mai gina. Yashin da ke ƙasan rijiyarsa shi ne ya bi ta ƙarƙashin gawon. Taku arba'in ne kawai. Kullum da yamma sai a gan shi zaune a kan duwatsun nan, tafin hannunsa a ƙasa. Da Azumi ta ga kwana uku yana mayar mata da kwano yadda ta kai, ta hau tudun bayan gida inda ake samun sabis ta kira 'yarsu Firdausi.

Firdausi malama ce, tana koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a Isa. Ta iso ranar Juma'a a ayarin babura, don yanzu ba mai bin hanyar shi kaɗai. Ta tarar da uban a zaure, ta durƙusa ta gaishe shi, ta sa ya ba ta labarin tun daga farko. Da ya zo kan bakwai da bakwai sai ta ɗago kai.

“Baba, wace rana ta?”

“Littinin.”

“Da wane lokaci?”

Aka aika aka tambayo Usaini. Da ta ji sha biyu saura kwata ta duba wayarta, ta ƙirga da yatsu, ta sake dubawa. Sai ta matso ta nuna masa hotuna: benaye sun zube kamar an taka gidan tururuwa, mutane cikin manyan riguna na sanyi suna tono da hannu.

“Wagga ƙasa sunanta Turkiyya. Ran Littinin ƙasa ta girgiza can har sau biyu, ta biyun da rana, sha ɗaya da minti ashirin da wani abu agogonmu. Ban rantse maka ba, Baba, amma an sha ganin rijiyoyi masu zurhi suna yin abin da taka tay yi, a ƙasashe masu nisa, in anka yi babbar girgiza.”

Ya dube ta kamar ta ce masa rana daga yamma take fitowa. Ita kuwa malama ce, ta san ɗalibi mai taurin kai, sai ta bi ta inda ya sani. Ta ce ya tuna lakar fadama idan ruwa ya janye, yadda samanta ke bushewa ta tsage falle-falle, ƙarƙashi kuwa da sauran taushi, in ka taka falle ɗaya sai ya gogi na kusa da shi. Ta ce duniya haka take. Wannan ƙasar da yake ginawa, da duwatsunta da tekunta, ɓawo ce kawai, kuma a tsage take manya-manyan falle. Can ƙasa sosai, inda dagi ba zai taɓa kaiwa ba, dutse ne mai zafi da ke motsi a hankali, fallayen kuma suna tafiya a kansa.

“Tahiya?” in ji shi. “Yanzu haka?”

“Yanzu haka. Amma ba ta wuce tsiron akaihwa ba. Abin da akaihwakka ka yi a shekara, shi suka yi.”

Ya dubi farcensa. Ta ce inda falle biyu suka haɗu sukan cije, kowanne na turi, shekara ɗari, ɗari biyu, ba mai ji. Ranar da cizon ya kuɓuce, tafiyar shekarun nan duka a yi ta cikin minti ɗaya, ita ce girgizar ƙasa. Inda kuma falle ɗaya ya nutse ƙarƙashin wani, ko biyu suka rabu, dutse kan narke ya nemi hanya ya fito sama, shi ne dutse mai aman wuta. Su nan Allah ya zaunar da su a tsakiyar falle, nesa da baki, shi ya sa kakanninsa ba su san abin ba. Amma ko nan ƙasa ba haka take ba tun azal. Ta ce ya buɗe adakarsa ya duba: itacen nan a sarari ya tsiro, tsakuwar nan ruwa ne ya goge ta, wurin ne ya yi ta sauka ana binne shi.

“To mi ya kawo ta rijiyata?”

“Bugun na. In ƙasa ta kuɓuce can, bugun shina bin cikin ƙasa shi game duniya. In ya iso nan ya yi rauni, mutum ba ya ji. Amma shina matsa yashin da ad da ruwa, shi saki, shi matsa, shi saki, awa an matsa jiƙaƙƙen zane. Ruwan ba shi da wurin zuwa sai rijiyakka.”

Sai Almu ya tambaya:

“Daga nan zuwa can, tahiyar kwana nawa ta?”

“A mota sai ka yi makonni. Sai ka ƙetare Hamada da teku.”

“Bugun hwa?”

“Minti ashirin.”

“Ta cikin ƙasa.”

“Ta cikin ƙasa, Baba.”

“Ashe ba kurma ta ba,” in ji shi a hankali.

Firdausi ta yi dariya, ta ce ai ƙasa ta fi kowa kai saƙo. Ta tashi ta gaya wa uwarta cewa an samu kan Baba, a sa masa tuwo. Baiwar Allah, ita a ganinta magani ta kawo. Bayan rasuwar Jibrilla aka haife ta. Ta san kawunta ya mutu a rijiya, amma ba wanda ya taɓa gaya mata labarin dagi. Ta cire wa uban aljani, ta cire masa numfashin matacce, ba ta san ta cire har da abin da ya dogara a kai shekara talatin da biyu ba. Idan ƙasa za ta ɗauko bugu daga bayan teku ta kawo shi cibiyarsa, me zai hana ta ɗauko shi daga gaba ɗaya ta kawo tafin hannunsa?

Saura maganar liman, cewa babu ran da zai kai kwana biyu a ƙarƙashin ƙasa. Ita ma ba ta daɗe ba. Almu, wanda a da yake cewa rediyo aikin marasa aiki ne, ya koma zaman ƙofar gidan Usaini safe da la'asar. An zaro wata mata da rai bayan kwana shida. An zaro wani mutum bayan kwana takwas. Ranar da aka ce an ciro wani da ransa bayan kwana goma sha ɗaya, kuma masu ceto sun gano wasu ne ta hanyar yin tsit su saurari bugu, Usaini ya miƙa hannu ya kashe rediyon.

“Kunna,” in ji Almu.

“Almu, don Allah.”

“Kai ma kana nan ranar. Kunna.”

Washegari bayan sallar asuba ya tsaya har masallaci ya watse, ya matsa gaban Malam Lawwali, limamin yanzu, ɗan wancan tsohon liman.

“Allah shi gahwarta Malam, za ni buɗe rijiyar gawo.”

“Kabari na, Baba Almu. Ba a tone kabari sai da dalili.”

“Wa yaw wanke shi? Wa yas sa mai likkahwani? Wa yad duba ko shina kallon gabas? Ba kabari na ba, Malam. Aiki na da ban gama ba.”

Malam Lawwali ya ce abin da ya wuce ƙaddara ce, kuma mahaifinsa don ceton rai ya hana. Almu ya ce ya sani, bai zo da ƙarar kowa ba, in akwai mai laifi to wanda ya ji bugun ne. Liman ya ja carbi ya kai ƙarshe, ya sake ja. Daga baya ya ce idan don a yi masa sutura a kai shi cikin 'yan'uwansa Musulmi ne, bai ga hani ba, amma ya roƙe shi ya shirya zuciyarsa, don ba lalle abin da zai tarar ya ba shi sauƙi ba.

Azumi ta yi kuka, ta yi faɗa, ta ce tsoho mai shekara sittin da biyar zai je ya cike wa ramin na biyun da ya rasa. Da ta ga ya fara kwashe duwatsu, ta koma gida ta dama masa fura.

Ya yi aikin yadda ya kamata a yi shi tun farko. Kowane rabin gaba sai an saukar da kwalbati. Mazan tungar suka riƙa zuwa bi da bi suna jan ƙasa, ba mai hira, Usaini kuwa bai bar wa kowa igiyar ba. Ƙasar ciko ba ta da wuyar tono, amma Almu bai yi gaggawa ba. Wanda bai san shi ba zai ce natsuwa ce. Tsoro ne.

A rana ta goma sha bakwai, da hantsi, hannunsa ya ci karo da ƙarfe. Kan dagin ne, tsaye inda ya bar shi, tsatsa ta cinye shi ya yi ƙuraje. Ya daɗe yana kallonsa bai taɓa ba. Sannan ya bi gefensa da tono, a hankali, da ɗan gajeren dagi. Kamu ɗaya. Kamu biyu. A na uku ƙasa ta ɓurma ƙarƙashin hannunsa, wata iska mai sanyi da warin daɗewa ta fito ta shafi fuskarsa.

Ya faɗaɗa ramin, ya zura tocila, ya zura kai.

Kogo ne. Wani faffaɗan yumɓu ya faɗo ya tokare bango da bango, ya riƙe duk abin da ya zubo a kansa, ƙarƙashinsa fili. Ya haska bangon da ruftawar ta yage, wanda ba hannun da ya taɓa shi kafin ranar. Akwai matakai a jiki. Ya ƙirga su daga ƙasa, guda bakwai, suna hawowa, duka sun karkata hagu.

A saman na bakwai an fafe wani ɗan gurbi, daidai zaman mutum ɗaya. Jibrilla na ciki, a takure, kansa jingine da bango, abin da ya rage na wandonsa a kan ƙasusuwan. Daginsa na kan cinyarsa ta hagu. Taƙi ɗaya sama da kansa, tsinin dogon dagin Almu ya huda yumɓun ya leƙo cikin kogon.

Almu ya kai hannu ya shafa tsinin. Shi ya kai ƙarfen nan maƙera, ya san a miƙe yake kamar kibiya. Yanzu ya lanƙwashe gefe guda, bakinsa ya baje. Mai gina ya san abin da ƙarfen mota ke iya ɗauka. Bugu shida da ya ji a tafin hannunsa ba za su yi wannan ba, ɗari ma ba za su yi ba. Wannan aikin kwanaki ne.

“Almu!” Usaini ya kira daga sama. “Mi kag gani?”

Almu ya ci gaba da shafa tsinin.

“Almu, yi magana, don girman Allah!”

Mazan suka taru a bakin ramin suna leƙe. Ba sa ganin komai sai bayansa da ɗan hasken tocila. Suka ga ya ɗago, ya goge fuska da gefen rigarsa, ya gyara tsayuwa. Ya ɗauki gajeren daginsa, ya dafa kan tsohon ƙarfen da hannu ɗaya, ya buga. Uku, ya tsaya. Uku, ya tsaya. Ƙarar ta hau rijiyar ta fito, har waɗanda ke tsaye nesa da baki suka ji ta a tafin ƙafarsu. Usaini ya saki goron da ke hannunsa ya zauna a ƙasa ya rufe fuska, don shi kaɗai ya san amsar me ake bayarwa.

Sannan muryar Almu ta hawo, a dushe.

“Na iso, Jibrilla,” ya ce. “Usaini, ku sauko da likkahwani.”